Tagar da Na Toshe wa Malam

Shekaranjiya da la'asar hadari ya taso ta wajen Goronyo, baƙi ƙirin, iska na gabansa tana kwantar da gero. Ina zaune bakin gado ina ɗura man gyaɗa cikin kwalabe, sai Hassi matar ɗana ta shigo da gudu ta kai hannu za ta rufe taga. Ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba. Yarinyar ta tsaya da hannu bisa tana kallona. Wata huɗu ke nan da kawo ta gidan ga, kuma ba wanda ya gaya mata tagar ɗakina ba a rufe ta. Na ce ta yi haƙuri, ta tafi ta kwashe shanya. Ni kuwa na zauna da mazurari a hannu, ƙamshin ƙasa na shigowa, sai ga waccan daminar ta dawo mini gaba ɗaya.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Azumi ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da in ka leƙa rumbu kana ganin ƙasansa, sabon hatsi kuwa bai ko yi ciki ba. Masu kama baki yanzu cikin sauran sanyi ba su san wannan ba. Ga noma, ga ƙishirwa, ga wani zafi mai ɗanko da ke biyo bayan ruwa, wanda ko wanka ka yi kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa.

Ciwon maigidana, Malam Sahabi, ya faro tun bazara. Mutum ne da ke yini bisa galma, sai ga shi in ya dawo masallaci sai ya jingina da bango shina haki. In ya yi asawaki sai jini. Tafin hannunsa ya yi fari fat, zazzaɓi ya zo ya tafi ya sake dawowa. Munka ce shawara ce, anka jiƙa abin da za a jiƙa, ya sha har ya gaji. Ran da anka yi ruwan shuka ya ɗauki sungumi ya shiga gonar bayan gida, muna biye muna zuba iri muna takewa, bai kai rabi ba ya zauna ƙasa. Ƙanensa Ummaru ya ƙarasa saran. Washegari ya goya shi bisa mashin daga nan Tursa zuwa Rabah, a Rabah anka ce wannan sai birni.

Kwana ashirin da 'yan kai munka yi a asibitin birni. Likita ya ce sankarar jini ce, jinin ne da kansa ya kamu tun daga inda ake yin sa cikin ƙashi. Anka ƙara masa jini, anka ɗaura masa wani ruwan magani mai sa shi amai har sai ya rasa abin amarwa. Ni aikina riƙe tasa. In tsaya, in matsa, in fita za a duba shi, in dawo. Mutane na yi wa mijina abubuwa a gabana ban gane ko ɗaya ba, kuma ba wanda ke da lokacin tsayawa, don gadaje cike suke.

Ana gobe za a sallame mu, da safe, wata yarinya ta zo da farar riga da ɗan akwatin sanyi. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce sunanta Rabi, karatu take yi, tana roƙon jinin masu irin ciwon Malam kaɗan, da kuma na masu lafiya don a gwada a ga bambanci. Ta karanta mana takarda da Hausa. Ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba, ta faɗa har sau biyu cewa wannan ba magani ba ne, neman sani ne kawai, kuma in ba mu so ba laifi. Malam ya miƙa hannu ya ce ta ɗiba, wanda anka ɗiba a baya ya fi wannan. Ni ma na miƙa nawa, munka dangwala yatsa.

Tana liƙa takarda jikin 'yar kwalbar na ce, "Ɗiyata, wai mi kuka biɗa cikin jinin ga?"

Ta sa kwalbar cikin akwatin. Ta ce, "Inna, mi ne sana'arki?"

"Man gyaɗa da ƙuli, tun ina budurwa."

Sai fuskarta ta washe. Ta ce, "To ai ke za ki fi kowa ganewa. Kin san man da ya daɗe a buɗe, iska ta shige shi, ya juya ya canza wari? Jikin mutum ma akwai maiƙo cikinsa, har cikin jini. Iskar da muke shaƙa ita ke riƙe da rai, amma tana barin wata 'yar ɓarna irin wannan, jiki kuma shina da abin da ke kare kansa. Masu ciwon Baba muna zaton ɓarnar ta yi yawa, kariyar ta ragu. Alamar wannan muke aunawa."

Ta ba ni 'yar takarda mai lamba, ta yi mana godiya, ta wuce gado na gaba. Ni kuwa na zauna ina juya maganar. Kwana ashirin ina jin maganganu suna wucewa ta bisa kaina, yau ga magana guda da ta sauka cikin hannuna. Mai dai? Wa zai gaya mini mai a ƙasar Rabah? Na san man da anka bari a buɗe, na san yadda yake kartar maƙoshi. Kuma na san yadda ake tsare shi. A cika kwalba har wuya, a toshe da totuwa, a naɗe bakin da leda a ɗaure, a tura ƙarƙashin gado inda ba rana ba iska. Haka uwata ta yi, haka na yi, mai bai taɓa juya mini ba.

A motar da ta maido mu gilasai a sauke suke, iska na bugun fuskar Malam, ya lumshe ido shina jin daɗinta. Sai na tuna maganar yarinyar. Na cire mayafina na lulluɓe shi har kai, na ce saboda sanyi ne.

Ɗakinmu shina da taga guda, ta gabas, dab da gado. In kana kwance ka ɗaga kai kana ganin gonar bayan gida tun daga danga har bakin tsamiya. Malam da kansa ya sa magini ya yi ta ƙasa-ƙasa don haka. Muna isowa, kafin ma masu sannu da zuwa su watse, na ja murfin na sa sakata. Na yayyaga tsohon zane na cusa duk inda haske ke shigowa, ina turawa da tsinke. Na kawo buhu na shimfiɗa bisa, na kafa ƙusa huɗu, na ɗaure kowace kusurwa da igiyar rama irin ɗaurin da nake wa bakin kwalba, zagaye uku sannan a soke bakin igiyar ta ƙasa. Ƙofa kuma na ƙara mata labule bayan asabari.

Shina kwance shina kallona har na gama. Ya ce, "Saratu, wanga kuma na mi ne?"

Na ce, "Kai ma ka ji abin da yarinyar tac ce. Iska ka ɓata jinin. Ka yi haƙuri har sakamako shi hito, in anka ce ya gyaru ni da kaina zan buɗe ma."

Ya dubi buhun. Sannan ya ce, "Na jiya." Ya juya fuska bango.

Kwana goma sha biyu bayan nan anka ga wata. Likita ya riga ya hana Malam azumi, kuma ya ce mu komo bayan salla. Ni nake yi, da 'ya'yanmu mata biyu da suke gida lokacin, ɗan namu shina can Giyawa wurin karatu. Ranakun duk iri guda ne, har yau ba na iya raba su. Bayan asuba in dama wa Malam kunu in ba shi magani, in goge masa jiki, in fitar da abin fitarwa. In rana ta ɗaga in soya gyaɗa, a murje a sheƙe, yara su kai inji. Da azahar ina gindin turmi ina juya tunkuza, ina zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, ƙamshi na shiga hancina, yawuna ya kafe har harshe na manne wa dasashi. Da la'asar a je a tsinko tafasa da rama bakin danga. Abin buɗa baki bai wuce kunu tsararo da kwaɗon ganye da ƙulin da ya farfashe ba, don mai kyan na kasuwa ne. Hatsin da ya rage kuwa da ƙaramin kwano nake ɗibarsa, in daka wa Malam fura, mu mu sha ruwan da anka ɗauraye ƙwaryar.

Ɗakin nan kuwa, Allah shi ne shaida, in ka shiga daga waje sai ka tsaya kafin ka ga gado. Ga zafi, ga warin magani da na zufa da na fitilar kananzir da nake kunnawa da rana tsaka. In ruwa ya sauka, duk gari ya yi sanyi, ɗakin na nan yadda yake. Ina yi masa fifita har hannuna ya mutu, a hankali, don ko ita fifitar ina tsoronta. Kuma kullum sai na soya albasa na sa masa cikin abin da zai ci, tunda man da ya fara juyawa da albasa ake maido shi. Wata rana ya ture kwanon ya ce, "Saratu, saura ki aza ni bisa wuta ki soya ni gaba ɗaya." Ya yi dariya har ta koma tari. Ni ban yi ba, na ɗora masa kwanon bisa cinya na ce ya ci.

A goman farko na azumi Ummaru ya tara gayya don maimai, noma na biyu ke nan. Gayyar azumi ba kiɗa ba abinci, ana fitowa masallacin asuba kowa ya ɗauki kalmensa, kafin rana ta yi zafi an watse. Maza kusan goma sha biyar sunka shiga gonar, bango guda ne tsakaninsu da gadon Malam. Shina jin su. Ya kasa kunne shina kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, wai daga saran kalme yake gane kowa. "Wancan mai gaggawa Ummaru na, kullum sai ya sare mini gero." Can ya ce, "Ya kai ina yanzu, geron?" Na ce ya kai gwiwa. Ya ce, "Kore shar, ko da ɗan ja-ja?" Na ce kore. Gaskiya ban duba ba, sai da ya tambaya na fita na leƙa.

Da sunka gama Ummaru ya shigo gaishe shi, bai yi minti biyu ba ya fito shina sharce gumi. Ya same ni gindin murhu.

"Yaya Saratu, ki ji tsoron Allah ki buɗe mai tagar ga. Ko akuya ba a rufewa haka."

Na miƙe da muciya a hannu. "Kai kana wurin sa'ad da anka yi bayani? Kai anka ɗibi jininka? Ka san noma, na bar ma noma. Mai kuwa ka bar mini, ni na san shi."

"Mutum dai ba kwalba ba ne."

"In ya tashi ka gaya mishi haka, ku yi mini dariya tare. Yanzu dai hita min daga madahi."

Ya fita. Ba wanda ya sake tada maganar tagar, har surukata da ke raye lokacin. Ni kaɗai na je birni, ni kaɗai ke da takarda mai lamba ƙulle a bakin zane, kuma kowa ya san halina. Tsoro nake ji, shi ne gaskiyar magana. In na buɗe tagar, ba abin da ya rage mini sai riƙe tasa.

Goman tsakiya ruwa ya yi ta zuba, kwana uku ba a ga rana ba, katangar maƙwabtanmu ta faɗi, itace ya jiƙe har sai da munka ƙona tsohon asabari. Malam ya daina tashi zaune sai an tada shi. Jinin dasashi ya dawo, wasu baƙaƙen tabo sunka fito masa a hannu da ƙirji. Na ga haka na ƙara cusa tsumma a ƙasan ƙofa.

Ran ashirin da uku gero ya fidda kai. Shi ya fara sani, ban san ta yaya ba, wai ƙarar ganyen ta canza. Da hantsi ya kira ni, muryar can ƙasa.

"Saratu, buɗe min kaɗan. Tahin hannu guda. In gani ki maida."

Na tsaya da hannuna bisa buhun. Wallahi na tsaya. Sai na tuna saura mako guda salla, daga nan mu koma birni a ba mu sakamako. Wanda ya tsare mai fiye da wata guda ai ba ya buɗe shi ana saura kwana bakwai. Na fita na zagaya, na karyo kan gero guda, ɗanye, da laimar ruwa jikinsa, na kawo na sa masa a hannu. Ya shafa shi tun daga ƙasa har bisa, ya kai hanci ya shaƙa.

Ya ce, "Ya yi kyau. Gonar dai nika son gani."

"Bayan salla, Malam."

"To. Allah shi kai mu."

Bai sake roƙona ba. Ran ashirin da bakwai, bayan la'asar, ina tace kunu, ƙaramar ɗiyata ta zo ta ce Baba ya yi shiru. Na wanke hannu tukuna, na rufe kunun, sannan na shiga. Kan geron na nan gefen matashi ya bushe. Ban yi kuka ba. Mata na ta riƙe ni suna ba ni haƙuri, ni kuwa abin da ke raina kada kunun ya yi tsami kafin magariba. Anka kai shi kafin a sha ruwa.

A ɗakin na yi takaba, wata huɗu da kwana goma, tagar na rufe. Ba don wani dalili ba, ban dai tuna da ita ba. Ina jin anka girbe gero, ina jin jakuna na shigo da damma, Ummaru ya zo bakin ƙofa ya ce gonar ba ta taɓa bayarwa kamar bana ba. Na ce madalla. Anka kawo mini sabuwar fura, na sha kamar ruwa.

Da na fita takaba na kwance bakin zane na ga takardar. Na ce zan je in karɓo sakamakon, kowa ya ce na mi, na ce nawa ne. Sai da na yi yini ina nuna ta ga masu fararen riguna kafin wani ya kai ni wani ɗaki mai injuna a bayan asibitin. Rabi na ciki. Ba ta gane ni ba sai da ta duba lambar cikin littafi. Ta ce alamar ta fi yawa a jinin Baba bisa nawa, kamar yadda ta zata, amma ba ta gama aikin ba. Sannan ta ce, "Ya jikin nasa?"

Na ce ya rasu cikin azumi. Ta yi salati ta yi mini gaisuwa. Sai na ga ya kamata ta san ban yi sakaci da maganarta ba. Na ce, "Amma na yi iyakar yi na, ɗiyata. Tun ran da munka koma na toshe tagar, ko ta kafar allura iska ba ta same shi ba."

Ta ajiye littafin. "Wace taga, Inna?"

Na ba ta labari, da buhun da albasar duka. Ina magana tana neman kujera da hannu ta bayanta har ta zauna. Ta ce abin da ta faɗa can cikin jiki yake faruwa, ciwon ne ke kawo shi, ba ruwansa da taga ko ƙofa. Ta ce misali ne kawai ta yi don in gane.

"To da na buɗe hwa?"

"Da ba abin da zai ƙaru ga ciwon, ba abin da zai ragu." Ta ƙara da cewa, "Da dai ya sha iska."

Sai ta fashe da kuka, babbar yarinya da farar riga. Ni na riƙa ba ta haƙuri, na ce ai ta faɗa sau biyu, ni ce ban ji ba. Na tambaye ta inda ake hawa motar Rabah daga nan, don na ɓace cikin gine-ginen.

Duk tsawon hanya addu'a guda nake yi, Allah ya sa Malam ya yi mini wayo. Allah ya sa in ina gindin turmi shina miƙa hannu ya kwance kusurwa guda, ya leƙa, ya maida. A makonnin farko ai da sauran ƙarfinsa. Kuma namiji bai iya ɗaurina ba, in ya taɓa sai na gane.

Na iso da sauran rana. Ban cire mayafi ba na shige ɗaki na kunna fitila. Na duba kusurwa ta farko, zagaye uku, baki a soke ta ƙasa. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Na yanke igiyar na ɗaga buhun, na bi tsumman da yatsa ina neman ko 'yar huda ta tsinken asawaki. Suna nan yadda na cusa su. Sai na hau gadon na kwanta inda yake kwanciya, na sa kai bisa matashinsa, na miƙa hannu. Ban ko gama miƙe gwiwar hannun ba na taɓa sakata.

Na zare ta na tura murfin. Gona ta zama fili, shanun makiyaya na cin kara har bakin tsamiya. Ina nan kwance ina kallonsu har anka kira magariba.

Shekaranjiya ruwan ya shigo ya jiƙa gefen katifa da kwalabe biyu. Da ya tsagaita Hassi ta dawo a ɗarare, da tsumma a hannu za ta goge. Ta leƙa waje ta ce, "Inna, geron ga ya yi kyau bana." Na ce awo, ta matso nan ta gani da kyau. Na ce ta goge ƙasa kawai, kada ta kai tsumman kusa da tagar.